Zirga-zirgar Majiyyaci Zuwa Ƙaramin Asibiti a Matsayin Manuniyar Haɗarin Kashe Kai: Duba Daga Garbadu ta Ƙasar Talata Mafara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda yanayin zuwan majiyyaci cibiyar kiwon lafiya ta matakin farko kan iya zama manuniyar cewa yana cikin haɗarin kashe kansa. An ɗauki Garbadu, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Talata Mafara ta Jihar Zamfara, a matsayin madubi. An waiwayi sakamakon binciken da masana kiwon lafiya suka gudanar a ƙasashe daban-daban, sannan aka auna shi da yanayin rayuwa da harshe da al'adun mazauna wannan yanki. Maƙalar ta nuna cewa abubuwa biyu da ke hannun kowane ma'aikacin lafiya na karkara, wato rajistar majiyyata da kalaman da majiyyaci ke furtawa, sun isa su sa a yi masa tambaya kai tsaye game da halin da zuciyarsa ke ciki. Ta kuma nuna cewa tsara lafazin wannan tambaya cikin Hausar da ba za ta kori mai amsawa ba aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta harshe da al'ada.

Fitilun kalmomi: kashe kai, kiwon lafiya a matakin farko, ciwon damuwa, kunya, Garbadu

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 703,000 ne suka mutu ta hanyar kashe kansu, kuma kashi 77 cikin 100 na wannan adadi sun fito ne daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ƙiyasin nata, yankin Afirka ne ke kan gaba da mutum 11.2 a cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9.0 ne. A Nijeriya, binciken da Gureje da wasu (2007) suka wallafa ya nuna cewa kashi 3.2 cikin 100 na manyan da aka tambaya sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 0.7 kuwa sun taɓa yunƙurawa.

Duk da haka, batun ba ya cikin abin da Bahaushe ya saba tattaunawa a fili. Idan abin ya auku, iyali kan rufe shi, a ce rashin lafiya ce ko tsautsayi. Wannan ya sa ake ɗauka cewa mai wannan niyya ba ya barin wata alama. Binciken masana ya nuna akasin haka: mafi yawan waɗanda suka kashe kansu sun je wurin ma'aikacin lafiya a shekararsu ta ƙarshe, sai dai abin da suka kai kuka a kansa daban ne da abin da ke cin su. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda za a karanta irin wannan zuwa a ƙaramin asibitin karkara.

2.0 Tantance Kalmomi

Ya dace a fara da raba wasu kalmomi da ake cakuɗawa. A Hausa, “kisan kai” na nufin mutum ya kashe wani, don haka ba daidai ba ne a yi amfani da shi a wannan fage, ko da yake ana cin karo da hakan a wasu fassarori. “Ƙunar baƙin wake” kuwa a yau ta fi nuni ga harin da mai kai shi ke hallaka kansa tare da wasu. Abin da wannan maƙala ke magana a kai shi ne “kashe kai” ko “hallaka kai”, wato mutum ya ɗauki ransa da gangan.

“Ciwon damuwa” na nufin lalurar da ke sa mutum cikin baƙin ciki ko rashin sha'awar komai har na tsawon mako biyu ko fiye, tare da sauyin barci da ci da kuzari. Ya bambanta da “hauka” ko “taɓin hankali”, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci, domin tsoron a kira mutum mahaukaci na daga cikin abin da ke hana shi magana. “Kiwon lafiya a matakin farko” kuwa shi ne ƙofar farko ta tsarin asibiti, wato cibiyoyin mazaɓu da asibitocin sha-ka-tafi, inda galibi jami'an lafiyar al'umma da ungozomomi ke duba marasa lafiya.

3.0 Garbadu da Ƙofar Farko ta Asibiti

Ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙasar noma ce da ta dogara ga damina da kuma noman rani na madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. A shekarun baya-bayan nan yankin ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, a farkon Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Rasa ɗan'uwa, sayar da gona ko dabba don biyan kuɗin fansa, barin gida, da cin zarafin mata a hannun masu garkuwa, duk suna cikin abubuwan da masana suka tabbatar suna ƙara haɗarin ciwon damuwa da tunanin kashe kai.

A ɗaya ɓangaren, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Mutumin Garbadu da ke buƙatar ƙwararre sai ya bi ta babban asibitin Talata Mafara, daga nan a tura shi Gusau ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Tafiya ce mai cin kuɗi, a kan hanyoyin da ba kullum ake amince musu ba. Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sanya wannan fanni cikin ayyukan matakin farko. Ke nan, a aikace, ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ne kaɗai mai ilimin lafiya da akasarin masu wannan lalura za su gani.

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Luoma da Martin da Pearson (2002) sun bi diddigin bincike 40, inda suka gano cewa kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kashe kansu sun ga ma'aikacin lafiya na matakin farko a shekararsu ta ƙarshe, kuma kimanin kashi 45 cikin 100 sun gan shi a watan ƙarshe. Waɗanda suka ga ƙwararren ƙwaƙwalwa a watan ƙarshe kuwa ɗaya ne kawai cikin biyar.

Wani nazari da Jami'ar Manchester ta fitar a 2014, wanda ya duba bayanan Ingila daga 2002 zuwa 2011, ya ƙara fito da siffar abin. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan zuwa asibiti, musamman a watanni biyu zuwa uku na ƙarshe, har ya ninka kusan sau 12 ga waɗanda suka je fiye da sau 24 a shekara. Haka kuma kashi 37 cikin 100 na mamatan ba su je ko sau ɗaya ba a shekarar, kuma su ma haɗarinsu ya ɗara na masu zuwa jefi-jefi. Binciken Jami'ar Nottingham na 2024 ya ƙarfafa wannan, inda ya nuna cewa zuwa fiye da sau ɗaya a wata yana tafiya da ƙaruwar haɗari, kuma daga cikin dalilan zuwan da suka fi yawa akwai duba magani da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki.

A taƙaice, ana iya fitar da manuniya huɗu: ƙaruwar zuwa a kai a kai, ɗaukewar ƙafa kwatsam, koken jiki da ke sauyawa ba tare da gwaji ya nuna wani abu ba, da yawan neman maganin barci ko na kashe raɗaɗi.

4.1 Karanta Manuniyar a Garbadu

Ba za a ɗauko alƙaluman Ingila a ɗora wa Garbadu kai tsaye ba. A can ganin likita kyauta ne, kuma kowa na da likitan da ke riƙe da tarihinsa. A nan, rashin zuwa na iya zama rashin kuɗin kati da na magani, ko aikin gona, ko tsoron hanya. Yawan zuwa da damina kuma na iya zama zazzaɓin cizon sauro ne kawai. Saboda haka abin aunawa shi ne mutum da al'adarsa ta da, wato ko zuwansa na yanzu ya saɓa da yadda aka san shi.

A ɗauka cewa wani magidanci da ba a saba ganinsa ba ya zo sau huɗu cikin mako shida. Da farko ciwon kai, aka gwada maleriya ba a samu ba. Sannan zafin ƙirji, aka ba shi maganin olsa. Sannan kasala, ya nemi ƙarin ruwa. A na huɗu ya ce a ba shi abin da zai sa shi barci. Kowane zuwa, in an dube shi shi kaɗai, ba abin tsoro ba ne. Sai an jera su a shafi guda, an kuma san cewa watanni uku da suka wuce ya sayar da shanun hudarsa don fanso ɗansa, sannan hoton zai fito. Matsalar ita ce rajistar ƙaramin asibiti tana bin kwanan wata ne, ba ta bin mutum, kuma majiyyaci kan yar da kati ya yanki sabo.

Akwai kuma bambancin jinsi. Mata sun fi zuwa asibiti ta dalilin awo da haihuwa da rigakafin yara, don haka uwar da ke yawan kawo jariri alhali ba a samun wani ciwo a jikinsa tana iya zama ita ce majiyyaciyar. Maza kuwa, waɗanda a ƙiyasin 2019 mutuwarsu ta wannan hanya ta ninka ta mata fiye da sau biyu a duniya, sun fi tsayawa wurin mai kemis. Bisa ga haka, mai kemis da ungozomar gargajiya da malamin da ake zuwa wurinsa neman addu'a duk suna ganin wani yanki na wannan zirga-zirga.

5.0 Harshen Majiyyaci

Simon da wasu (1999) sun nazarci masu ciwon damuwa 1,146 a cibiyoyi 15 na ƙasashe 14, ciki har da Ibadan. Kashi 69 cikin 100 koken jiki kaɗai suka kawo wa likita. Abubuwa biyu daga wannan bincike sun shafi Garbadu. Na farko, an fi samun haka a cibiyoyin da majiyyaci ba shi da wani tsayayyen likita da ya saba da shi. Na biyu, da aka tambaye su kai tsaye, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka musanta cewa suna da damuwa a rai. Ke nan, akasari ba ɓoyewa suke yi ba, tambayar ce ba a yi musu.

Hausa kuwa ta gina maganar halin rai a kan sassan jiki. Baƙin ciki a “ciki” yake, faɗuwar gaba a “gaba”, sannan akwai ɓacin rai da ƙunar zuciya da ƙuncin rai. Mai cewa “zuciyata na yi mini zafi” ko “ƙirjina ya yi nauyi” yana iya nufin tsoka, yana iya nufin damuwa. Wanda aka horar da shi da Ingilishi, yake kuma cike rajista da Ingilishi, yakan karkata ga ma'anar farko ya rubuta magani. Haka “tunani ya yi mini yawa” da “hawan jini ke damuna” sukan zama ƙofar da majiyyaci ke buɗewa kaɗan don ya ga ko za a shigo.

Gaisuwa ma na da nata tasiri. Amsar “Yaya jiki?” ita ce “Da sauƙi”, ko da mutum na kan gargara, kamar yadda amsar “Ina kwana?” take “Lafiya lau”, ko “Lahiya lau” a bakin Bazamfare. Wannan ladabi ne da tawakkali, don haka ma'aikacin da ya ɗauke ta a matsayin rahoton lafiya ya yi kuskure. Tambayar asibiti tana farawa ne bayan an gama gaisuwa.

Akwai kuma kalaman da suka fi kusa da haɗari: “na gaji da duniya”, “na zame wa iyalina kaya”, “gara a ce ba ni”, “in ba ku gan ni ba ku yafe mini”. Wasu daga cikinsu na yawo a maganar yau da kullum ba tare da wata niyya ba. Nauyinsu na ƙaruwa ne idan suka zo tare da sauyin zuwa asibiti, ko da ayyuka irin su neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, da raba kaya, da damƙa amanar 'ya'ya ga wani.

6.0 Dalilan Yin Shiru

Kirk-Greene (1974) ya lissafa haƙuri da kunya da mutunci cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Siffofi ne da ke riƙe al'umma, amma suna iya hana mai ciwo kuka. An ce “ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba”, kuma magidancin da ya fito da damuwarsa na tsoron a ce ya gaza. Mace kuwa ba za ta buɗe cikinta a gaban miji ko suruka da suka rako ta ba.

Musulunci ya haramta kashe kai, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta nuna, kuma hadisi ya hana burin mutuwa saboda wata cuta da ta sami mutum. Wannan kariya ce babba ga mutane da yawa. Sai dai wanda tunanin ya riga ya shige shi yakan ji ya yi zunubi tun kafin ya furta, sai ya ƙara ƙulle bakinsa. A nan ne ake buƙatar malamai su bayyana cewa ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka, kuma neman magani abu ne da addini ya kwaɗaitar.

Sai kuma doka. Sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewacin Nijeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kamar yadda sashe na 327 na kundin Kudu ya mayar da shi laifi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta soke waɗannan sassa ba. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Muddin iyali na tsoron 'yan sanda, za su kawo wanda ya yi yunƙuri da sunan tsautsayi, alhali yunƙurin baya shi ne mafi ƙarfin manuniyar haɗari da aka sani.

7.0 Daga Manuniya Zuwa Tambaya

Wajibi ne a yi hattara da abin da manuniya za ta iya yi. Franklin da wasu (2017) sun tattara bincike 365 na tsawon shekara 50, suka gano cewa hasashen wanda zai kashe kansa ta hanyar abubuwan haɗari bai fi canki-canka da wani abin kirki ba. Mafi yawan masu yawan zuwa asibiti ba su da wannan tunani. Don haka amfanin manuniya shi ne ta sa a tsaya a yi tambaya, ba a liƙa wa mutum suna ba.

Mutane da yawa na tsoron cewa tambayar za ta cusa wa majiyyaci tunanin da ba shi da shi. Nazarin Dazzi da wasu (2014) bai sami hujjar hakan ba. Jagoran mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar a 2010 don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, ya umurci a tambayi duk wanda ya haura shekara 10 da ke da ciwon damuwa ko raɗaɗi mai daɗewa ko matsanancin tashin hankali.

A Hausance, tambayar na buƙatar hawa-hawa, bayan an keɓe da majiyyaci. Ana iya farawa da “Baba, yaya barci kwanan nan?” ko “Malama, akwai abin da ke damun ranki?”, sannan “Wasu in abu ya yi musu yawa sukan ji sun gaji da rayuwa, ko kin taɓa jin haka?”, kafin a kai ga “Shin kin taɓa tunanin kashe kanki?” Matakin ƙarshe ba ya son kwana-kwana. Idan amsar ta zama e, ba a yi wa mutum faɗa ko wa'azin wuta. Ba a barinsa shi kaɗai, ana neman wani na jikinsa da ya yarda da shi, a nisantar da abubuwan cutarwa, a tura shi gaba, a kuma riƙa bibiyarsa mako-mako a watanni biyun farko.

Waɗannan matakai suna da hujja. A binciken Fleischmann da wasu (2008) kan mutum 1,867 da suka yi yunƙuri a ƙasashe biyar, waɗanda aka yi wa gajeren bayani aka kuma riƙa tuntuɓarsu tsawon wata 18, kashi 0.2 cikin 100 ne suka mutu ta wannan hanya, a kan kashi 2.2 na waɗanda ba a bibiya ba. A yankin noma irin wannan, adana magungunan feshi na da muhimmanci na musamman: a Sri Lanka, hana sayar da mafi haɗarinsu ya taimaka wajen rage yawan kashe kai da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A tsibirin Gotland na Suwidin kuma, horar da likitocin matakin farko a 1983 da 1984 ya rage mace-macen, amma bayan 'yan shekaru adadin ya koma yadda yake, abin da ke nuna cewa horo na buƙatar maimaici.

8.0 Gudummawar Manazarta Hausa

Kayan aikin tantance damuwa da ake amfani da su a asibitoci da Ingilishi aka tsara su, kuma fassarar kalma da kalma ba ta isar da saƙonsu. Akwai aƙalla ayyuka uku da ke jiran sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu. Na farko, tattara kalaman ƙuncin rai kamar yadda suke a karin harshen Zamfara, tare da rarrabe na yau da kullum da masu nuna haɗari. Na biyu, haɗa hannu da masana lafiya wajen tsara lafazin tambaya da ya dace da dattijo da matar aure da saurayi. Na uku, daidaita kalmomin da gidajen rediyo da jaridu ke amfani da su, ta yadda za a daina cakuɗa kashe kai da kisan kai, a kuma daina bayyana hanyar da mamaci ya bi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mai tunanin kashe kansa yakan bi ta ƙaramin asibiti, amma da koken jiki. A wuri irin Garbadu, inda ƙwararre ke nesa, abin da ake buƙata bai fi ƙarfin cibiyar mazaɓa ba: katin da zai jera zuwan mutum a shafi guda, ɗan wurin keɓewa, ma'aikacin da ya san cewa “da sauƙi” gaisuwa ce, da kuma al'adar aika wani ya duba majiyyacin da ya ɗauke ƙafa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fage, bayan an dubi fuska da rajista, wajibi ne a tambayi mai zuciyar da kansa, cikin harshen da zai iya amsawa ba tare da jin ya zubar da mutuncinsa ba.